Kayan Aikin Mai Rubuta Manhaja Bai Kamata Ya Zama Na Aro Ba

A ranar 15 ga Disamba, 2022, kamfanin GitHub, mai dandalin da masu shirya manhaja ke ajiye aikinsu, ya kulle ƙofar Atom. Wanda ba ya cikin harkar zai ce mene ne kuma Atom? Edita ne, wato manhajar rubutu irin wadda masu shirya manhajojin kwamfuta ke buɗewa da safe su wuni a cikinta suna rubuta umarnin da na'ura za ta bi. An fito da shi a 2014, ba a biyan komai a kansa, yana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma zuwa 2016 masu amfani da shi a kowane wata sun haura miliyan ɗaya. A 2018 Microsoft ya sayi GitHub kan dala biliyan 7.5. Da ma Microsoft na da nasa editan, Visual Studio Code (VS Code a taƙaice), don haka jama'a suka fara tambayar makomar Atom. Nat Friedman, wanda aka naɗa ya jagoranci GitHub bayan cinikin, ya ce za a ci gaba da rainon duka biyun. Shekara huɗu da wannan magana aka sanar da ranar rufewa.

Ba a cika shekara ba, a watan Agustan 2023, Bram Moolenaar ya rasu yana da shekara 62. Mutumin ƙasar Holan ne, shi ya ƙirƙiri editan Vim ya sake shi ga jama'a a 1991, kuma fiye da shekara talatin kusan duk gyaran da ya shiga cikin Vim sai da ya bi ta hannunsa. Da a 2018 aka tambayi mutane wanne zai riga bacewa, editan da katafaren kamfani ke riƙe da shi ko wanda ke rataye a wuyan mutum ɗaya, da wuya a sami mai cewa Atom. Amma ga abin da ya faru: Christian Brabandt da wasu da suka daɗe suna taimaka wa marigayin suka karɓi ragamar, a Janairun 2024 suka fitar da Vim 9.1 suka sadaukar da shi gare shi, kuma har yau gyara na shiga kusan kullum.

Waɗannan labarai biyu su ne tushen ra'ayina. Idan ana maganar edita, tambayar "nawa ne?" ba ta da nauyin da muke ba ta. Tambayar da ta fi ita ce: ranar da mai shi ya gaji, ko ya sauya shawara, ko aka saye shi, ko ya mutu, abin zai tsaya da ƙafarsa? Ina ganin kuskure ne babba yadda masu koyarwa da kamfanoni da mu kanmu masu aikin muka tattara kusan kowa a kan edita guda na kamfani guda, don kawai ba a karɓar kuɗinmu a bakin ƙofa.

Sai an fahimci matsayin edita a wurin mai wannan sana'a kafin a ga dalilin damuwata. Kod, wato umarnin da ake rubuta wa na'ura, rubutu ne tsura. Babu ƙawata haruffa, babu gefen shafi, babu hoto. Haruffa ne da lambobi da alamomi a jere cikin fayil, kuma waƙafi ɗaya da ya ɓace ya isa ya tsayar da komai. Shi ya sa ba a rubuta shi da manhajar rubuta wasiƙa, domin ita takan cusa nata ɓoyayyun alamomi, ta lanƙwasa alamar zance don ta yi kyau, na'ura kuwa ba ta san kyau ba. Editan mai shirya manhaja yana ba kowane nau'in kalma launinta, yana nuna maka bakan da ka buɗe ba ka rufe ba, yana kai ka layi na dubu uku cikin ƙiftawar ido, yana sauya suna ɗaya a fayil ɗari a lokaci guda. Bayan wasu shekaru abin yakan bar kai ya koma yatsu. Kamar tela ne da kekensa: ba ya kallon ƙafarsa, idonsa na kan ɗinkin. Ka sauya masa keke, bai manta ɗinki ba, amma za a ɗauki lokaci yana ɓata yadi kafin ƙafar ta saba. Wannan sabo dukiya ce da mutum ya tara da shekarunsa, kuma duk wanda ke riƙe da editan yana riƙe da wani ɓangare na dukiyar.

Batun edita ya yi aiki a kowane irin tsari kuwa, wato Windows ko macOS ko Linux, mutane kan ɗauke shi kamar ƙarin ado. Ba ado ba ne. Mai shirya manhaja da wuya ya zauna a tsari ɗaya. Kwamfutar ofis na iya zama Windows, ta abokin aiki Mac, sabar da za ta ɗauki aikin kuwa, wato kwamfutar da ke riƙe da shi a intanet, kusan kullum Linux ce. Kuma waɗannan gidaje ko a kan ƙarshen layi ba su yi ittifaƙi ba. Abin ya samo asali daga tsofaffin injinan buga saƙo, inda ake buƙatar umarni biyu: ɗaya ya mayar da kan bugawa farkon layi, ɗaya ya tura takarda sama. Windows ya riƙe duka biyun, tsarin Unix da 'ya'yansa irin su Linux suka ɗauki na biyun kaɗai, tsohon Mac ya ɗauki na farkon. Duk wanda ya jima a aikin ya ga illar wannan da idonsa. Ka rubuta ɗan gajeren fayil na umarni a Windows, ka duba shi sau goma babu aibu, ka tura shi sabar, ta ce ba ta san abin da kake nufi ba. Ka buɗe shi a can sai ka ga alamar ^M tsaye a ƙarshen kowane layi, daga sama har ƙasa, abin da editanka na farko bai taɓa nuna maka ba. Notepad na Windows ma bai iya karanta ƙarshen layi irin na Unix ba sai a 2018. Kafin nan yakan haɗe fayil duka ya zama dogon layi ɗaya. Editan da aka gina don ya zauna a gida uku ya san wannan rikici tun daga tushe, yana nuna maka a ƙasan allo wane iri kake ciki, yana sauya shi da dannawa ɗaya. Haka ma batun UTF-8, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, wanda ya sa haruffan Larabci da na Sinanci da ƙ da ɗ da ɓ ke iya zama a fayil ɗaya ba tare da sun rikiɗe sun zama tarkace ba.

Akwai kuma wani yanayi da ba a shirya masa. Shafi ya tsaya da tsakar dare, dole ka shiga sabar da ke wata nahiya ta baƙin allo, inda sai dai ka rubuta umarni, babu linzami, babu hoto, babu izinin girka sabuwar manhaja. Abin da za ka tarar a wurin shi ne editan vi, ko nano idan ka yi sa'a. Bill Joy ne ya rubuta vi a 1976 yana ɗalibi a Berkeley, kuma ƙa'idar POSIX, wadda ta fayyace abin da tsarin Unix zai ƙunsa, ta sa shi cikin kayan da ake sa ran samu a tsarin Unix. Wanda bai taɓa koyon motsi a cikinsa ba zai tsaya yana kallon allo yayin da masu shafin ke kiran waya. Ba almara ba ce: tambayar yadda ake fita daga Vim, magajin vi, a Stack Overflow, dandalin tambayoyin masu shirya manhaja, ta kai kallo miliyan ɗaya a 2017.

Yanzu bari in ba Visual Studio Code haƙƙinsa, domin ba na son a ɗauka ƙiyayya ce ke magana. Edita ne mai kyau ƙwarai. Microsoft ya sanar da shi a Afrilun 2015, ya buɗe kod ɗinsa a Nuwambar shekarar da lasisin MIT, wanda ya ba kowa damar ɗauka ya gyara, kuma tun 2021 binciken shekara-shekara na Stack Overflow ke nuna sama da kashi 70 cikin ɗari na masu amsawa suna amfani da shi. Ba tilas aka yi musu ba. Sabon ɗalibi zai girka shi ya fara aiki cikin minti kaɗan, abin da ba za a ce game da tsohon editan Emacs ko Vim ba. Sannan daga cikinsa ne aka sami wata kyauta da ta amfani kowa, wato Language Server Protocol da aka fitar a 2016. Kafin nan, idan kana da edita goma da harsunan shirya manhaja goma, sai an yi aiki sau ɗari kafin kowane edita ya fahimci kowane harshe. Da wannan yarjejeniya sai a rubuta mai fahimtar harshen sau ɗaya, duk editan da ya iya yarjejeniyar ya yi magana da shi. Editan Neovim ya shigar da ita cikin jikinsa a 2021, Emacs 29 ya zo da ita a 2023, editan Kate na da ita, editan Helix da ita aka haife shi. Tsofaffin editoci sun sami sabon jini ta hannun Microsoft, kuma wanda ya ƙi faɗin haka bai yi adalci ba.

Matsalar na wani wuri. Kod ɗin da ke buɗe daban, abin da kake saukewa daga shafin kamfanin daban. Wanda ka sauke yana ƙarƙashin lasisin Microsoft ne, ba MIT ba, kuma yana zuwa da aika bayanan yadda kake amfani da shi a kunne, sai ka shiga saituna ka kashe. Wannan ne ya sa wasu suka kafa VSCodium, suna ɗaukar kod ɗin nan na buɗe suna haɗa shi ba tare da waɗannan abubuwa ba. To amma mai VSCodium nan da nan yake cin karo da katanga. Ƙarfin edita na zamani ba a jikinsa yake ba, yana cikin ƙananan kayan ƙari da ake maƙala masa: wannan na harshen Python, wancan na duba kuskure, wani na haɗa ka da sabar. Kasuwar da dubban waɗannan kaya suke ta Microsoft ce, kuma sharuɗɗanta sun ce da kayayyakin Microsoft kaɗai za a yi amfani da abin da ke ciki. Yawancin kayan nan ba ma'aikatan kamfanin ne suka rubuta su ba. Mutane ne a ko'ina cikin duniya suka rubuta a lokacin hutunsu, suka ba da kyauta, amma rumbun da suka zuba a ciki na mutum ɗaya ne, makulli na aljihunsa. Gidauniyar Eclipse ta tsayar da Open VSX don a sami rumbun da ba na kowa ba, sai dai ba duk masu rubuta kayan ke lodawa a can ba.

Sannan mafi muhimmancin kayan ƙarin da kamfanin ya rubuta da kansa a rufe suke. Pylance, wanda ya zama ginshiƙin aikin Python a editan, ba a buɗe yake ba. Kayan aiki a kan sabar daga nesa ba a buɗe suke ba. Na harsunan C da C++ akwai rufaffen ɓangare a cikinsa, kuma a Afrilun 2025 masu amfani da VSCodium da Cursor, wani editan da aka gina a kan kod ɗin VS Code, suka wayi gari sabon fitowarsa ya ƙi aiki a wurinsu. Kamfanin bai karya doka ba. Sharaɗin na rubuce tuntuni, ranar ce kawai aka fara aiwatar da shi. Abin da ya sa nake ganin darasin ya fi ƙarfi ke nan. Ba a buƙatar mugunta kafin a cuce ka. Ya isa a ce wani na da ikon rufe ƙofar, kuma wata rana lissafin kasuwancinsa ya ce ya rufe. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta daga mutanen da nake girmamawa. Za su ce: rubutu ne tsura fa, ba kamar takardun da ke kulle cikin tsarin wani kamfani ba. Idan VS Code ya lalace gobe, fayilolinka na nan, ka buɗe su da wani. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce babbar ni'imar wannan sana'a. Amma ta manta da abin da ba ya cikin fayil. Ta manta da sabon yatsu. Ta manta da littattafai da bidiyoyin koyarwa da duk suka ɗauka allo ɗaya kowa ke kallo, har ɗalibi ya kasa bambance harshen da yake koyo da editan da yake koyonsa a ciki. Na ga masu koyo da suka iya danna koren maɓalli manhaja ta tashi, amma idan aka ce su tashe ta daga baƙin allo sai su tsaya, domin ba wanda ya taɓa nuna musu abin da maɓallin ke yi a bayan fage. Ta kuma manta da cewa idan kowa ya koma gida ɗaya, sauran gidajen kan bushe. Masu rubuta kayan ƙari na bin jama'a, jama'a na bin kayan ƙari, sai a wayi gari wurin da za ka gudu ɗin ya zama kufai. Atom ma buɗaɗɗen lasisi ne da shi, shi ya sa wasu suka ɗauke shi suka ci gaba da sunan Pulsar, kuma sun cancanci yabo. Amma jama'ar sun riga sun watse tun kafin a rufe ƙofar. Adobe ma haka ya yi da editansa Brackets a 2021: ya janye hannu, ya nuna wa masu amfani hanyar VS Code.

To me ya bambanta Vim? Lasisi kaɗai bai isa ba, tunda Atom na da shi. Bambancin shi ne waɗanda ke riƙe da Atom ma'aikata ne, ranar da aka mayar da su wani aiki hannu ya janye gaba ɗaya. Waɗanda ke kewaye da Vim kuwa ba wanda ya ɗauke su aiki, don haka ba mai iya sallamarsu. Sun san cikin kod ɗin, suna amfani da shi a aikinsu na kullum, masu haɗa nau'o'in Linux daban-daban kowa na ɗauke da kwafinsa. Har rabuwar kai ma ta zama ƙarfi. A 2014 Thiago de Arruda da wasu suka ga tafiyar Vim ta yi musu nawa, suka ɗauki kod ɗin suka kafa Neovim. A lokacin wasu sun ɗauke shi a matsayin ɓaraka. Amma gasar ta sa Vim kansa ya ƙara sauri, kuma a yau iyalin na da gida biyu maimakon ɗaya. Emacs ma haka yake tafe tun fitowar GNU Emacs a 1985, shugabanni na sauyawa, editan na nan. Abin da Richard Stallman ya nace a kai tun kafa aikin GNU a 1983, cewa mai amfani ya sami ikon gudanar da manhaja yadda ya so, ya karanta cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu, mutane da yawa sun ɗauke shi wa'azi. A batun edita dai lissafi ne na tsira.

Kada a ce ina ƙin mai sayarwa. Sublime Text na Jon Skinner, wanda ya fito a 2008, rufaffe ne kuma na kuɗi, amma cinikinsa a fili yake: ka biya, a ba ka. Ka san matsayinka. Wanda ya fi damuna shi ne abin da ya yi kama da naka alhali ba naka ba.

Akwai kuma batun nauyi, wanda zan taɓa a gurguje. Atom ne ya haifi Electron, dabarar naɗe burauzar Chromium sukutum a cikin manhaja, kuma a kanta aka gina VS Code. Ita ce ta sauƙaƙa aiki a tsari uku, amma kuɗinta ƙwaƙwalwar kwamfuta ce. Mai sabuwar na'ura ba ya ji. Mai tsohuwa kuwa, idan ya buɗe edita da burauza tare, sai fanka ta fara kuka. Geany, da Kate, da SciTE, da Vim suna buɗewa nan take a na'urar da aka yanke wa ƙauna. Malamin da ya ce dole kowa ya girka edita mai nauyi, ya sani ko bai sani ba, ya ware wasu ɗalibai tun kafin darasin farko.

Ɓangaren da nake goyon baya ma yana da nasa laifin, kuma laifin ya taimaka wajen kai mu inda muke. Shekaru da yawa wasu masu Vim da Emacs sun mayar da wahalar koyo abin alfahari. Sabon shiga ya yi tambaya, a ce ya je ya karanta littafin jagora. Suna ta jayayyar wanne ya fi tsakanin editocinsu biyu, wani ya zo ya gina abin da ɗan koyo zai iya buɗewa ba tare da jin kunya ba, ya kwashe jama'ar. Notepad++ na Don Ho, tun 2003, ya nuna cewa edita na iya zama buɗaɗɗe kuma mai sauƙi, illarsa kawai a Windows ya tsaya. Girman kai ba ya riƙe al'umma. Idan ana son mutane su zauna a editocin da ba na kamfani ba, sai an karɓe su da fuska a sake, an rubuta jagora da harshen da za su gane, an sa saitunan farko su zama masu amfani tun daga buɗewa.

Laifi na biyu namu ne duka, kuma ya fi muni. Muna cin gumin masu sa-kai ba ma waiwayarsu. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft ne ma, ya lura shiga sabar daga nesa ta hanyar da ake kira SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata. Ya bi diddigi ya gano an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Yadda aka yi shi ne mai kula da ita, Lasse Collin, ya daɗe shi kaɗai, ya gaji, wani da ya ɓoye kansa ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya sami amana da makulli. Ba edita ba ce xz, amma gidansu ɗaya da yawancin editocin da nake yabo: mutum ɗaya ko biyu, bayan tashi daga aiki, suna amsa koke-koken dubban mutanen da ba su taɓa cewa sannu ba. Don haka idan na ce a dogara da abin da al'umma ke riƙe da shi, dole in ƙara da cewa al'ummar ba aljanu ba ce. Mu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan Moolenaar ya bar misali da ke taɓa ni duk lokacin da na tuna. Idan ka buɗe Vim ba tare da fayil ba, a tsakiyar allon, tsakanin lambar fitowa da bayanin yadda ake neman taimako, sau da yawa akwai layin da ke roƙon a taimaka wa yara matalauta a Yuganda. Ya taɓa aikin sa-kai a wata cibiyar yara a Kibaale, ya kafa ƙungiyar ICCF Holland don tallafa mata, kuma bayan ya sami aiki a Google a 2006 ya karkatar da gudummawar da ake ba shi don Vim zuwa can. Mutum ya ba duniya aikin shekara talatin, abin da ya nema a madadi a ba wasu. Kamfanoni nawa ne injiniyoyinsu suka wuni a cikin wannan edita suna samar musu da riba, ba su taɓa karanta layin ba?

Shi ya sa kirana na farko ga kamfanoni ne. Duk wanda ke biyan lasisin manhajar lissafi da ta taro ba tare da ƙorafi ba, ba shi da hujjar cewa babu abin da zai ware wa editan da ma'aikatansa ke rayuwa a ciki. Yawancin waɗannan ayyuka suna da hanyar karɓar gudummawa a fili. Wanda ba zai ba da kuɗi ba ya ba da lokaci: ya bar injiniya ɗaya ya yi 'yan awoyi a wata yana gyara kuskuren da ya ci karo da shi, ya mayar da gyaran ga masu aikin maimakon ya ɓoye a cikin gida. Wannan ba sadaka ba ce, kula da kayan aikinka ne.

Lamarin ya ƙara zama na gaggawa yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo cikin edita. A da edita na zaune a kwamfutarka, abin da ka rubuta na nan tare da kai. Yanzu sababbin editoci da kayan ƙari na tura sassan kod ɗinka zuwa sabar kamfani don a ba ka shawarar layi na gaba. Ina amfana da wannan, kuma ban ce a guje shi ba. Amma wanda ke riƙe da editan shi zai zaɓi wace basira za a sa a gabanka, me za a tura, me za a ajiye, kuma yaushe abin da ake ba ka kyauta zai koma na wata-wata. A editan da kod ɗinsa duka ke buɗe, aƙalla wani na iya dubawa ya gaya mana abin da ke fita, wani kuma ya cire abin da ba mu so. Zed, wanda Nathan Sobo da wasu tsofaffin masu gina Atom suka kafa, ya buɗe kod ɗinsa a Janairun 2024, kuma ina maraba da hakan, duk da cewa shi ma kamfani ne mai masu zuba jari, kuma tambayar da na yi wa Atom tana jiransa.

Ga malamai kuwa, ban ce ku jefa sabon ɗalibi cikin Vim a ranar farko ba; wannan zalunci ne. Ku fara da duk abin da ya fi sauƙi, ko da VS Code ne. Amma kafin zangon ya ƙare, ku ware darasi ɗaya ku rufe shi. Ku sa ɗalibi ya buɗe fayil ɗin jiya a Geany ko Kate, ya ga da idonsa cewa kod ɗin bai canza ba. Ku sa ya tashi manhajarsa daga baƙin allo da hannunsa. Ku koya masa buɗe fayil a vi, sauya kalma ɗaya, adanawa, da fita. Minti ashirin sun isa. Ku nuna masa inda saitunansa suke a matsayin fayil da zai iya kwafewa ya tafi da shi wata na'ura. Shi kuma wanda ya rubuta kayan ƙari ya ba da kyauta, ya loda shi a Open VSX kamar yadda ya loda a kasuwar Microsoft. Fayil ɗin ɗaya ne, umarni ɗaya ne a ƙara, kuma akwai mai VSCodium a wani wuri da ya nemi kayan nan yau bai samu ba.